Da gaske tsaftace man jiragen ruwa ne ya ƙara wa duniya zafi?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bidiyo ne ke ta yawo, mai maganar yana cewa zafin da duniya ta sha a 2023 da 2024, har da na azumin 2024 da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, wai Turawa ne suka jawo shi da suka hana jiragen ruwa ƙona mai mai datti. Ni dai abin ya ƙi shiga kaina. Ta yaya rage hayaƙi zai ƙara zafi? Na san muna da masu aikin jirgi da malaman kimiyya a gidan nan, a taimaka a warware mana.

Ɗan Apapa: Wa'alaikumus salam. In haka ne ai da Legas ta fi Jos sanyi, don hayaƙin janareta dai ba a bar mu a baya ba.

Injiniyan Ruwa: Wa'alaikumus salam. Dokar dai akwai ta, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce. Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ita ta kafa ta a ƙarƙashin yarjejeniyar MARPOL ta hana jirage gurɓata teku da iska. Manyan jirage baƙin mai suke sha, wanda yake saura a matata bayan an tsame fetur da kananzir da dizal. Ko gudu ba ya yi a bututu sai an dafa shi. Salfa, wato farar wuta, a cikinsa take taruwa. Da can an yarda ta kai kashi 4.5 cikin ɗari, a 2012 aka sauko 3.5, sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka datse ta zuwa 0.5 a duk tekunan duniya. Daga 1 ga Maris na shekarar, ko ajiye irin wancan man a tankin da injinka ke sha laifi ne, ko ba ka ƙona ba, sai fa in kana da na'urar wanke hayaƙi.

Akwai kuma wuraren da abin ya fi tsanani: Tekun Baltik, Tekun Arewa, da gaɓar Amurka da Kanada. Su tun 2015 iyakarsu 0.1. Bahar Rum ta bi sahu ranar 1 ga Mayun 2025. Maganar zafi kuwa na bar wa Malam, shi ne mai abin.

Malamin Kimiyya: Mai bidiyon ya samu gaskiya 'yar ƙarama ne ya hura ta. Salfa in ta ƙone tana zama iskar SO2, a sama kuma ta rikiɗe ta zama ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. A jikin irin waɗannan ƙwayoyin ne tururi yake taruwa ya zama gajimare. In sun yi yawa sai ruwan ya rarrabu a kansu, ɗigon ya yi ƙanana kuma ya yi yawa, gajimaren ya ƙara fari, ya mayar da hasken rana inda ya fito. Tun shekarun 1960 ake ganin haka a hotunan tauraron ɗan'adam, wasu dogayen layuka farare a cikin gajimare, daidai inda jirgi ya bi. Masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da Tianle Yuan ya jagoranta sun sa kwamfuta ta ƙirga layukan a hotunan shekaru masu yawa, a 2022 suka wallafa cewa a 2020 sun ragu da rabi ko fiye a manyan hanyoyin jirage. Inuwa ta ragu, teku ta ƙara shan rana. Wannan ba a musu a kai.

Inda masana suka raba gari shi ne yawan zafin. James Hansen, wanda ya daɗe yana shugabantar wata cibiyar NASA ta nazarin yanayi, yana ganin tasirin babba ne. Mafi yawan sauran lissafin kuma ƙarami suke samu. Na shafin labaran sauyin yanayi na Carbon Brief, alal misali, ƙarin kusan digiri 0.05 ne zuwa 2050. Kada kuma a manta El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke ƙara wa duniya zafi, ya zo a 2023, sannan Sin ta rage hayaƙin salfa na tashoshin kwal ɗinta fiye da abin da jiragen ruwa suka rage, nesa ba kusa ba. A ɗora wa jirage zafin Kayes kacokan, wannan ƙarin gishiri ne.

Gaskiya Ɗaci: Malam, da girmanka, 2020 fa shekarar korona ce. Layukan sun ragu ne don jirage sun tsaya. Kuma ni tambayata ma daban ce. Jirgi yana tsakiyar Atilantika, kwana da kwanaki ba ya ganin ƙasa, wa zai san abin da yake ƙonawa? Doka a takarda ce. Mu nan mun san yadda ake yi da doka.

Malamin Kimiyya: Jiragen sama ne suka tsaya lokacin korona, da jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Na kaya raguwarsu ba ta taka kara ta karya ba, ai shinkafa da mai ba su daina zuwa ba. Kuma bayan korona ta wuce abin bai koma yadda yake ba. Wani mai bincike, Michael Diamond, ya duba hanyar jiragen da ta bi ta gefen Namibiya da Angola, inda gajimare ke kwance kusan kullum, ya ga ɗigon gajimaren kan hanyar ya canza bayan 2020. Har walƙiya ma. A 2017 an gano ana walƙiya kusan ninki biyu a kan hanyoyin jiragen da ke shiga da fita Singafo idan aka kwatanta da ruwan da ke gefensu, bayan dokar kuma aka ga ta ragu sosai. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga tambayarka ta biyu: da jirage ba su bi dokar ba a tsakiyar teku, da gajimare bai canza ba.

Gaskiya Ɗaci: Gajimare ba ya kama ɓarawo. Ya nuna maka jimilla ne. Ni ina maganar jirgi ɗaya da kyaftin ɗinsa ya ga dama.

Ɗalibar Bremen: Yaya Gaskiya, nan kam ka zo inda nake. Ana kama jirgi ɗaya-ɗaya, kuma ba sai an hau shi ba. Na'ura ce mai shinshina hayaƙi. Dabarar mai sauƙi ce in ka gane ta. Man jirgi kusan kashi 87 cikin ɗari kabon ne, wannan ba ya canzawa sosai daga mai zuwa mai. In ya ƙone kabon ɗin ya zama CO2, salfar ta zama SO2, su fito ta bututu ɗaya. Iska za ta tsinka hayaƙin yadda ta ga dama, amma tare take tsinka su. Don haka ba ruwanka da yawan hayaƙin da ya iso gare ka, abin da kake nema shi ne SO2 nawa ke tafe da kowane CO2. Ka raba SO2 da CO2, ka ninka da wata lamba da ba ta canzawa, ya ba ka kason salfar da ke cikin man da injin ke sha a wannan lokacin.

A allon kwamfuta haka za ka gani: layuka biyu suna kwance, sai jirgi ya gifta, iska ta kaɗo hayaƙinsa, layin CO2 ya yi tsalle na ɗan lokaci, bai fi minti ɗaya ko biyu ba, ya sauko. In man mai tsafta ne layin SO2 da ƙyar zai motsa. In kuwa ya miƙe tare da ɗan uwansa, to da magana. Sunan jirgin kuma ba ɓoyayye ba ne, kowane babban jirgi yana watsa sunansa da inda yake ta na'urar AIS, sai a haɗa da inda iska ta fito a san mai hayaƙin.

Akwai irinta a Wedel, bakin kogin Elbe, inda jiragen da za su shiga Hambag daga teku suke bi, jami'armu da hukumar teku ta Jamus suka kafa. Awon farkon 2015 ya nuna sama da kashi 95 cikin ɗari na jiragen sun bi sabuwar iyakar. Denmak ta rataye tata a gadar Great Belt, ƙofar manyan jirage zuwa Baltik. Jami'ar Chalmers ta Suwidin tana da wata a mashigar tashar Gotenbag.

Gaskiya Ɗaci: Ƙanwata, kin ba ni amsa da bakinki. Kowa ya san inda gadar take. In ni ne, sai in juya zuwa mai mai kyau kafin gada, in wuce in koma ruwa.

Ɗalibar Bremen: Sun yi wannan tunanin, shi ya sa Beljiyam ta ɗora na'urar a ƙaramin jirgin samanta na sintirin gaɓa, yana sauka ƙasa-ƙasa ya ratsa ta cikin hayaƙin a tsakiyar ruwa. Hukumar tsaron teku ta Tarayyar Turai, EMSA, da ke Lisbon, tana ba ƙasashe aron jirage marasa matuƙa don wannan aikin. Kuma awon ya nuna abin da kake zargi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, an fi samun masu saɓawa a bakin iyakar yankin, inda jirgi ya kusa fita ya yi saurin juyawa, ko ya shigo bai gama juyawa ba.

Amma in faɗa maka rauninta da kaina. Ta ƙasa sai iska ta kaɗo wajenta, in ta juya baya jirgi ya wuce salin-alin. Awon kuma yana da ɗan kuskure, musamman a kusa da 0.1 inda SO2 ɗin kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa ba a cin jirgi tara da shi kaɗai. Aikinsa ya nuna wa sufeto jirgin da zai hau a tasha ta gaba.

Injiniyan Ruwa: Gaskiya Ɗaci, wannan "sai in juya" da kake faɗa da sauƙi, zo ɗakin inji ka gani. Baƙin mai sai an dafa shi ya haura digiri 120 kafin ya shiga inji. Dizal ɗin jirgi kuwa a wajen digiri 40 ake son sa, in ya yi zafi tsinkewa yake yi ya daina shafe famfo. To famfon da ke tura mai cikin inji ƙarfe ne a cikin ƙarfe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. Ka watsa masa mai mai sanyi yana da zafi, kamar ka zuba ruwan randa ne a kofin gilashin da aka gama shan shayi. Famfo ya cije, inji ya mutu, kana tsakiyar mashigin Ingila, jirage gaba da baya. Ƙa'idar ita ce kada zafin ya sauya fiye da digiri 2 a minti. Sannan tsohon man da ke cikin bututu da matatai sai ya wanke tas, wannan awanni yake ci.

In muna tahowa daga kudu, iyakar yankin tsananin tana layin digiri 5 yamma a taswira, a bakin mashigin. Tun da sauran tafiya cif injiniya zai yi lissafi ya ce a fara ƙarfe kaza. Mutum ɗaya idonsa na kan ma'aunin zafi, wani yana bin bututu da tocila, don dizal yana gano duk wata 'yar kafa da baƙin mai ya toshe, sai ka ga ɗiga ta ko'ina. In an gama a rubuta rana da lokaci da inda jirgi yake da abin da ke cikin kowane tanki. Wanda ya yi wannan aikin ba zai so ya riƙa maimaita shi don wasan ɓuya da gada ba.

Jirgin Beljiyam ɗin nan kuwa na gan shi da idona. Ya taho ta bayanmu ƙasa-ƙasa, ya ratsa hayaƙin, ya karkata ya nufi na gaba. Ba wanda ya ce mana uffan. In ka isa tasha ba a neme ka ba, ka san ka haye.

Maman Sadik: Injiniya, to in an neme ka fa? Me suke dubawa?

Injiniyan Ruwa: Hajiya, takarda suke fara nema. Duk man da muka saya yana zuwa da takardar shaida daga mai sayarwa, da kason salfa a rubuce, ana ajiye ta shekara uku. Lokacin zuba man kuma ana ɗiban samfuri ɗigo-ɗigo daga farko har ƙarshe, a cika kwalba a liƙe da hatimi mai lamba, mu da mai sayarwa mu sa hannu, a ajiye aƙalla wata 12. Sufeto zai kwatanta takardun da littafin juyin mai da hanyar da jirgi ya bi. In lissafin dizal ɗin da ya kamata ka ƙone bai yi daidai da wanda ya ragu a tanki ba, ka shiga uku. Daga nan ya sauko ƙasa da kansa, ya nuna famfon da yake so a kusa da inji, a tara masa kwalba. Wasu suna tafe da wata na'ura ta hannu da ke karanta salfa nan take, amma hukunci sai abin da ɗakin gwaji ya faɗa. An bar ɗan rangwame saboda kuskuren gwaji, wanda aka ɗiba daga inji in bai wuce 0.53 ba an yarda, a yankin tsanani kuma 0.11.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma ba sufeton ba ne, mai sayarwar ne. Takarda ta ce 0.48, ka aika samfurinka gwaji ya dawo sama da iyaka, alhali ka riga ka bar tashar. Kai za a riƙe.

Alhajin Lome: Duk na ji bayananku, Allah Ya ƙara basira. Amma ku faɗi wanda ya biya. Tun ƙarshen 2019 kamfanonin jirage suka ƙaro wani caji a kan kowace kwantena da sunan sabon mai. Kayan da za su Yamai da Maraɗi ta Lome ko Kwatano, mai saye a kasuwa shi ya ɗauki nauyin, mutumin da bai taɓa ganin teku ba. An tsaftace wa mutanen Hambag iska da kuɗinmu.

Injiniyan Ruwa: Alhaji, cajin gaskiya ne. A Janairun 2020 bambancin tsohon mai da sabo ya kai wajen dala 300 a tan. Jirgin da ke shan tan 100 a rana ka ga dala 30,000 kullum ke nan. Wannan lissafin ne ma ya sa ake tsoron maguɗi tun farko, don a wasu ƙasashen tarar ba ta kai ribar 'yan kwanaki ba. Singafo ce ta fito ta ce kyaftin zai iya shan ɗaurin shekara biyu. Amma gyara ɗaya, Alhaji: mutanen Hambag sun samu tasu tun 2015. Ta 2020 ita ce ta zo mana. Kafin ita, jirgin da ke tsaye a gaban Lome yana jiran layi yana iya ƙona mai kashi 3.5 ba wanda zai ce masa don me.

Ɗan Njamena: Alhaji ba kowa ne ya yi asara ba a cikinmu. Ɗanyen man Doba na Cadi, wanda ake turawa ta bututu zuwa Kribi a Kamaru, mai nauyi ne amma salfarsa kaɗan. Da ana sayen sa da rangwame, da dokar ta matso sai ya zama abin nema, don kusan kai tsaye ake haɗa sabon man jirgi da shi. Haka ɗanyen man Dar Blend na Sudan ta Kudu. Ko kuɗin ya iso talaka, wannan kuma kada a tambaye ni.

Likitan Ƙirji: Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki. Ana ta maganar digiri 0.05 da dala 300, an manta dalilin yin dokar. Ƙwayoyin nan da Malam ya ce suna farar da gajimare, su ne dai suke shigewa can cikin huhu, su tayar da asma, su taɓa zuciya da jijiyoyin jini. Mafi yawan hayaƙin jirage ba a tsakiyar teku yake fita ba, a kusa da gaɓa ne inda mutane suke. Binciken da ƙasar Finlan ta miƙa wa IMO a 2016 ya ƙiyasta cewa in aka ɗage dokar daga 2020 zuwa 2025, za a samu ƙarin mutuwa kafin lokaci sama da 570,000 a duniya. IMO ta yi hasashen hayaƙin salfa na jirage zai ragu da kashi 77 cikin ɗari, kusan tan miliyan 8.5 a shekara.

Kuma kada sunan "mai tsafta" ya ruɗe ku. Kashi 0.5 cikin ɗari daidai yake da 5,000 cikin miliyan. Dizal ɗin mota a Turai 10 ne cikin miliyan. Ninki 500 ke nan. Wanda yake cewa a mayar da tsohon don a samu inuwa, ya zo ya zauna da uwar da ɗanta ke fama da numfashi da tsakar dare.

Baban Khadija: Likita, ba wanda ya ce a mayar. Amma Malam, tunda salfar tana sanyaya duniya, ba gaba damisa baya siyaki ke nan ba?

Malamin Kimiyya: Ba su yi kunnen doki ba, Baban Khadija. Ƙwayoyin salfa a iskar ƙasa kwanaki kaɗan suke yi ruwan sama ya wanke su. CO2 kuwa wani kasonsa ɗaruruwan shekaru yake yi. Bututu ɗaya ke fitar da su, ɗaya yana tafiya ɗaya yana taruwa. Zafin da ya bayyana bayan 2020 ba dokar ce ta ƙirƙire shi ba, dama yana nan, hayaƙi ne ya lulluɓe shi. Dutsen Pinatubo na Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri, shi ma da ya harba salfarsa can ƙololuwar sama inda take daɗewa, cikin 'yan shekaru komai ya koma.

Gaskiya Ɗaci: To a zo kan na'urar wankin da Injiniya ya ambata ya wuce da sauri. Ita ce ainihin damfarar. Ka ci gaba da ƙona baƙin man, ka wanke hayaƙin da ruwan teku, ka mayar da ruwan cikin teku. An gudu ba a tsira ba.

Injiniyan Ruwa: A nan ba zan yi maka musu sosai ba. Sikiroba muke ce mata. Ana fesa ruwan teku a cikin bututun hayaƙi, ya kame SO2, doka kuma ta yarda muddin abin da ya fita sama daidai yake da na mai kashi 0.5. Dubban jirage sun sa, galibi manya, don su ne kuɗinsu ke saurin dawowa. Masu kare ta suna cewa teku dama cike take da gishirin salfa, kuma haka ne. Sai dai ba salfa kaɗai ruwan ke kwasowa ba, akwai ƙarafa irin su banadiyam da nikel da ragowar man da bai ƙone ba, ga shi da tsami. A buɗaɗɗiyar teku yana bajewa, a tasha ko a ruwa irin na Baltik da ba ya saurin sauyawa taruwa yake yi. Singafo da Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun hana zubar da shi a tashoshinsu tun 2020, Sin ma ta hana a tashoshinta da manyan kogunanta, Denmak da Suwidin da Finlan suka hana a ruwansu daga Yulin 2025.

Sikirobar ita ma tana lalacewa. Na'urar da ke auna hayaƙinta toka na toshe ta, bututun da ruwan ke fita tsami na cinye shi. Na yi aiki a wani jirgi da rabin lokacinmu a kanta yake ƙarewa.

Ɗalibar Bremen: Kuma Yaya Injiniya, mai shinshina ba ta san akwai ta ba, abin da ya fito kawai take gani. In sikirobar tana aiki jirgin zai fito fes, in an kashe ta a ɓoye zai fito da 2 ko 3 cikin ɗari. Irin wannan ba ya buƙatar dogon lissafi, layin har ficewa yake so ya yi daga allo.

Ɗan Apapa: Duk wuraren da kuka lissafa daga Denmak sai Beljiyam sai Jamus. Mu fa? Jirgi ya baro Rotadam da tsafta, ya iso nan, wa ke shinshina shi?

Injiniyan Ruwa: Tsarin binciken jirage muna da shi, yarjejeniyar Abuja ta 1999 da ta haɗa ƙasashen gaɓar yammaci da tsakiyar Afirka, ofishinta yana Legas. Sufetoci suna hawa, suna duba takardu. Abin da ni dai na gani a wasu tashoshin yankinmu, ba zan kama suna ba, a ofishin kyaftin ake gamawa, ba a sauko ɗakin inji an tara kwalba ba. Abin da ke taimakonmu shi ne hanin ɗaukar man. Jirgin da ba shi da sikiroba in aka same shi da mai salfa a tanki a Rotadam ko Singafo ya shiga matsala, don haka ba shi da inda zai ɓoye shi har ya kawo nan. Sufeton can yana yi mana gadi ba da saninsa ba. Waɗanda suka fi ƙarfin wannan su ne ƙananan jiragen da ba sa barin yankin, tsakanin Legas da Kwatano da Lome da Tema, masu sayen mai a tsakiyar ruwa daga wani jirgin.

Likitan Ƙirji: Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, a Apapa ba jirgi ne kaɗai ba. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Siwizalan a 2016 ya nuna irin dizal mai salfa da ake haɗowa musamman don kasuwannin Afirka ta Yamma, ninki ɗaruruwa a kan abin da Turai ta yarda da shi. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar 50 cikin miliyan. Tirelolin da ke layi a hanyar tasha da janaretocin unguwa a hancin mutane suke, jirgi kuwa bututunsa na sama.

Alhajin Lome: To 'yata ta Bremen, in an ba ki kwangilar, ina za ki kafa mana ita?

Ɗalibar Bremen: Baba Alhaji, Lome za ta yi wuya kaɗan, don jiragen da ke jira a waje warwatse suke, sai dai jirgi maras matuƙi. Legas kuwa kamar don haka aka yi ta. Duk jirgin da zai shiga Apapa ko Tin Kan ta mashiga ɗaya yake bi, tsakanin katangun duwatsun nan biyu da ke kusa da Tarkwa Bay. Iska kuma galibin shekara daga kudu maso yamma take tahowa, daga teku, ba ta riga ta kwashi hayaƙin gari ba. A kafa ta a katangar gabas, hayaƙin zai zo da kansa. Lokacin hunturu ne za a sha wahala, iska na iya juyawa, ƙura kuma ta riƙa toshe matatar na'urar.

Sayen ta ba shi ne nauyin ba. Tana son wuta ba yankewa, kuma ba za ka ajiye mata janareta a gindi ba, don hayaƙinsa za ta riƙa aunawa. Tana son tulunan iskar gwaji da ake daidaita ta da su a kai a kai, in sun ƙare lambobinta sun zama shirme. Sannan a samu ɗakin gwajin da kotu za ta yarda da sakamakonsa kafin jirgin ya gama sauke kaya ya tafi.

Ɗan Apapa: Sola za a sa mata. Amma ki shirya, ranar farko ba manyan jiragen za ta fara kamawa ba. Jiragen ja da kwale-kwalen dakon kwantena da ke zirga-zirga a wajen nan, wasunsu in sun taso hayaƙinsu har rufe na bayansu yake yi.

Ɗalibar Bremen: Baƙin hayaƙi toka ce, Yaya, inji ne ba ya ƙona mai da kyau. SO2 ba ta da launi, jirgi zai iya wuce ka ba ka ga komai ba alhali shi ne mai laifin. Na masu jan sai an ƙara na'urar auna toka a gefe, ita ma akwai ta. Matsalarsu ɗaya, da yawansu ba sa kunna AIS, sai an haɗa da kyamara kafin a san na waye.